Yadda Malamin Firamare Zai Koya wa Yara Riƙe Zuciya da Zama da Mutane

Duk malamin firamare ya san irin yaran nan. Akwai wanda da an taɓa masa fensir sai dambe. Akwai wadda in aka yi mata dariya sau ɗaya ba ta ƙara ɗaga hannu har zangon karatu ya ƙare. Akwai kuma wanda ba a haɗa shi aiki da kowa ba tare da an zo rabon faɗa ba. Abin da muka saba shi ne mu ce "ba ya jin magana", sai bulala ko kamun kunne. Amma abubuwan da muke hukunta yaro a kansu, irin su danne fushi, jiran layi, neman gafara da sauraren mutum har ya dasa aya, babu ranar da muka zauna muka nuna masa yadda ake yin su. Ba mai tambayar ɗan aji biyu bakwai sau takwas alhali bai koya masa jadawalin ninkawa ba, amma kullum muna neman ɗan shekara bakwai ya haɗiye fushin da manya ma ke kasa haɗiyewa.

An daɗe da fara ɗaukar wannan a matsayin abin koyarwa. A 1968 wani likitan halayyar yara na Jami'ar Yale a Amurka, James Comer, ya fara aiki da wasu makarantun firamare biyu na 'ya'yan talakawa a birnin New Haven, waɗanda ke can baya a sakamako. Ya mayar da hankali kan dangantakar malamai da iyaye da yara, kuma a cikin shekaru zuwan yara makaranta da sakamakonsu suka gyaru. A 1994 aka kafa ƙungiyar CASEL, mai hedikwata a Shikago, wadda ta kasa abin gida biyar: yaro ya san abin da ke ransa, ya iya riƙe kansa, ya gane halin da wani yake ciki, ya iya hulɗa, sannan ya iya yanke shawara yana hangen abin da zai biyo baya. Bahaushe ba zai ji baƙon abu a nan ba. Tun a 1974 Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin da Hausawa ke auna mutumin kirki da su, ciki har da gaskiya, amana, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da adalci. Abin da za mu ara daga Amurka shi ne hanyar koyarwar, domin mu wa'azi muka fi yi.

A 2011 Joseph Durlak da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon shirye-shirye 213 da aka gwada a kan ɗalibai sama da 270,000. Sun tarar cewa bayan gyaruwar hali, karatu ma ya ƙaru: in aka jera yara ɗari bisa ƙoƙarinsu, yaron da ke tsakiyar layi yakan matsa gaba da kimanin mataki 11. Abu biyu a binciken sun fi shafar malami. Na farko, karatun ya ƙaru ne inda ma'aikatan makarantar da kansu suka gudanar da shirin, maimakon baƙi daga waje. Na biyu, shirin da ya yi aiki shi ne wanda ake bi daki-daki, yara na gwadawa a aikace, an ware masa lokaci, kuma an faɗa musu ƙarara abin da ake koyo. Sai dai mafi yawan gwaje-gwajen a Amurka aka yi su, a azuzuwan da ba su kai rabin namu cika ba. Manufar ilimi ta Najeriya ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma kowa ya san ajin da ke da tamanin ko ɗari, wasu a benci wasu a ƙasa. Duk abin da ke tafe an tsara shi ne don irin wannan aji, da alli da allo kawai, da mintuna goma zuwa sha biyar a rana.

Makonnin farko

Fara da dokokin aji, kada su wuce huɗu ko biyar, kuma yara su sa baki wajen tsara su. "Mu girmama juna" ba ta gaya wa ɗan aji ɗaya komai. Doka ta faɗi abin da ido zai gani: in wani yana magana bakinmu a rufe, in muna son kayan wani sai mu tambaya, hannu da ƙafa ba sa taɓa kowa da mugunta. Rubuta su a allo aikin minti biyu ne, gwada su ne aikin sati biyu. Kira yara biyu gaban aji, ɗaya ya fizge kilina daga hannun ɗaya, aji ya yi dariya, sannan su sake: "Don Allah ara mini kilinarka." Kada ka tsaya nan, domin wurin da rigima ke tashi yana gaba. Sa mai kilina ya ce "A'a, ina amfani da ita," ka tambayi aji me mai aro zai yi yanzu. Ya jira, ya tambayi wani, ko ya zo wurin malam. Kowane benci ya gwada.

Sai gaisuwa. A ajin mutum tamanin ba za ka gaisa da kowa da suna kullum ba, amma za ka iya ɗaukar layi ɗaya kowace safiya, ta yadda kafin Juma'a kowa ya ji sunansa a bakinka ba don ya yi laifi ba. A nan ne kuma za ka duba yadda yara suka kwana. Marc Brackett na Jami'ar Yale ya yaɗa wani allo mai launi huɗu da yaro ke nuna inda zuciyarsa take a kansa. In ba ka da takarda mai launi, yatsu sun isa. Lokacin kiran rajista kowa ya ɗora hannu a ƙirji: yatsa ɗaya, lafiya lau; biyu, da ɗan damuwa; uku, raina a ɓace. A ƙirji, ba a sama ba, don kai kaɗai za ka gani.

Kada ka tambayi mai yatsa uku dalili a gaban aji. Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka suna son yaro ya buɗe cikinsa a da'ira, ya kalli babba ido cikin ido. Yaronmu an koya masa cewa sunkuyar da kai ladabi ne, kuma sirrin gida ba ya fita. Yarinyar da aka saki mahaifiyarta jiya ba za ta faɗa a gaban mutum tamanin ba, in ma ta faɗa to ka jawo mata gori a filin tara. Bari a fita tara, ka aike ta ta goge allo ko ta kawo maka littattafai, kana wani aiki ka ce, "Na ga yau ba kya jin daɗi. In kina son faɗa mini, ina nan." In ta yi shiru ka ƙyale ta. Ta dai san an gan ta.

Suna ga abin da ke rai

Yawancin yara da "raina ya ɓaci" suke rufe komai. Koya musu kalma ɗaya a sati: haushi, takaici, kishi, kunya, fargaba, kewa, ɗoki. Ga kowace kalma a yi tambaya uku: yaushe mutum ke jin ta, a ina take bayyana a jiki, me mutum yakan so ya aikata in ta zo. Tambayar jiki ce ta fi amfani, kuma yara sun fi mu iya amsa ta. Za su ce zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu na gumi, wani abu ya tokare maƙogwaro, kunne ya yi zafi. Yaron da ya gane cewa dunƙulewar hannunsa alama ce ya sami 'yan daƙiƙu kafin naushi ya fita. Wani bincike da Matthew Lieberman ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 2007 ya nuna cewa ambaton sunan abin da ake ji yana rage tashin ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kaɗa ƙararrawar tsoro da fushi. A kan manya aka yi shi, amma malamin da ya taɓa ce wa yaro mai kuka "ka ji kunya ne da aka yi maka dariya" ya ga yadda kukan ke sassautawa.

Tatsuniya ma kayan aiki ce. Tsaya a tsakiyar labarin Gizo ka tambaya: me Ƙoƙi ta ji a nan? Da wace hanya Gizo zai sami abin da yake so ba tare da ya cuci kowa ba? Wannan bai ci lokacin darasin Hausa ba, darasin ne da kansa.

Kunkuru da danja

Shirin PATHS, wanda Mark Greenberg da Carol Kusché suka fara tsarawa don yara kurame kafin ya bazu zuwa sauran makarantu, yana amfani da wata dabara ga ƙananan azuzuwa: in fushi ya taso yaro ya yi kunkuru. Ya tsaya cak, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya ja numfashi mai tsawo, sannan ya faɗi abin da ya faru da abin da yake ji. Hikimar a fili take, hannun da ke rungume ba ya kai duka. Wajen numfashin ka ce su shaƙa ta hanci a hankali, su fitar ta baki kamar masu hura koko mai zafi, sau uku. Ga 'yan aji huɗu zuwa shida, waɗanda za su ga kunkuru yarinta ce, zana danja a gefen allo: ja, tsaya ka huce, rawaya, me zan iya yi, kuma me zai biyo baya, kore, zaɓi ɗaya ka gwada.

Kuskuren da ake yi shi ne koyar da wannan a tsakiyar faɗa. Yaron da idonsa ya rufe ba ya ɗaukar darasi. A koya shi lokacin da kowa ke cikin natsuwa, a maimaita kullum na minti ɗaya da an dawo daga tara, aji duka, har ya zama jiki. Bayan sati uku ko huɗu kalma ɗaya ta isa, ka ce "Kunkuru," ka ga hannuwa sun haɗe. Yaran da ke zuwa islamiyya sun riga sun ji cewa mai fushi ya nemi tsari, in yana tsaye ya zauna, ko ya yi alwala. Tuna musu da haka, su ga cewa abin da ake koya musu da safe da wanda ake koya musu da yamma hanya ɗaya suka bi.

Rabon faɗa

A nan ne aikin ya fi tsada, nan ne kuma muka fi yin sauri. An dawo daga tara, yara biyu sun riƙe wuyan riga a kan biro. Abin da aka saba: "Kai, ba shi haƙuri. Kai kuma ka yi haƙuri. Ku wuce ku zauna." An gama cikin daƙiƙa goma, sai dai kana juya baya ɗaya zai ce wa ɗaya "mu haɗu in an tashi." Wanda aka cuta ya koyi cewa kai ƙara ba ya da amfani, wanda ya yi cutar ya koyi cewa kalma biyu na wanke komai.

Ga yadda za a yi. Raba su, kowa ya zauna gefe, ka ci gaba da darasi. In ka ba aji aikin rubutu sai ka kira su bakin ƙofa, ka durƙusa ko ka zauna don tsayinku ya zo ɗaya. A ce sunayensu Sani da Bala.

"Sani, kai za ka fara. Bala, kai saurare kawai, naka na zuwa."

"Malam, birona ne ya ɗauka, na ce ya ba ni ya ce nasa ne."

"Da ya ce nasa ne, me ka ji?"

"Haushi. Babana ne ya saya mini jiya."

"Bala, me ka ji Sani ya ce?"

"Malam, ai ni a ƙasa na..."

"Za ka faɗi naka. Yanzu maimaita mini abin da ya ce."

Wannan maimaitawar ita ce zuciyar aikin. Bala zai yi ta zillewa, domin da wuya mutum ya faɗi maganar abokin faɗansa da bakinsa kuma ya ci gaba da ganinsa a matsayin mugu zalla. In ya maimaita sai a juya, shi ya faɗi nasa, Sani ya maimaita. Sau da yawa sai ta bayyana cewa Bala a ƙarƙashin benci ya tsinci biron, kuma "ɓarawo" da aka kira shi a gaban mutane ne ya sa ya ƙi bayarwa. Daga nan kada ka yanke hukunci. Tambaye su: "To yanzu me za ku yi ya gyaru?" Biro ya koma ga mai shi, kalmar ɓarawo a janye ta a gaban waɗanda suka ji. In haƙuri ya zo a nan, ya zo da nauyinsa. Gobe da safe ka tambaye su a wuce ko maganar ta mutu. Duka bai wuce minti biyar ba, kuma ba kowane faɗa za ka yi wa haka ba. Ɗaya ko biyu a rana sun isa. Kafin ƙarshen zango 'yan aji biyar da shida za su iya yi wa juna, har a ware musu gindin bishiya guda don haka.

Amma a bambanta faɗa da cin zali. Babban yaron da ke ƙwace wa ƙarami kuɗin tara kullum ba sasanci ake yi musu ba, domin ƙaramin zai amince da komai saboda tsoro. Wannan maganar hedimasta ce da iyaye, kuma a sa ido har sai an tabbata ya daina.

Maimakon takardar masu surutu

Ba wa monita takarda ya rubuta masu surutu yana koyar da abu uku: cin hanci da alewa, ramuwar gayya, da ƙiyayya ga monita. Akwai wasan da ya fi shi. A 1969 aka fara bayyana shi daga wani ajin firamare a jihar Kansas, sannan a tsakiyar shekarun 1980 Sheppard Kellam da abokan aikinsa suka gwada shi a azuzuwan ɗaya da biyu a birnin Baltimore, suka bi yaran har suka kai shekara 19 zuwa 21. Waɗanda suka yi wasan, musamman mazan da suka fi rigima tun farko, sun fi tsira daga shaye-shaye da shan taba.

Kasa aji ƙungiya uku ko huɗu bisa layukan benci, ka raba fitinannun kada su taru wuri ɗaya. Sanar cewa wasa ya fara, na minti goma, lokacin wani darasi da ake yi. Duk wanda ya karya doka sai ka ja wa ƙungiyarsa layi ɗaya a allo, ka faɗi dokar da aka karya da murya a kwance, ka yaba wa sauran, ka ci gaba. Duk ƙungiyar da ba ta wuce layi huɗu ba ta ci, wato dukansu za su iya ci rana ɗaya. Kyautar ba ta kuɗi ba ce: tafi, fita tara kafin kowa, zaɓen wasan da za a yi ranar Juma'a. Fara da sau uku a sati, ka riƙa tsawaita lokacin. Za a sami yaron da zai riƙa ɓata wa ƙungiyarsa da gangan don a kalle shi. Mai da shi ƙungiyar mutum ɗaya na 'yan kwanaki, kuma ka hana 'yan layinsa tsangwamarsa.

Gajerun wasannin horar da hankali ma suna da wuri, irin wanda in ka ce "taɓa kai" sai a taɓa gwiwa, in ka ce "gwiwa" a taɓa kai, yaro ya koyi tsayar da abin da jikinsa ya yi niyya. Ƙungiyar agaji ta IRC ta yi amfani da irin waɗannan wasanni da atisayen natsuwa a azuzuwan yaran da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a yankin Diffa na Nijar.

Malam da kansa

Ba za ka koyar da kunkuru da ƙarfe takwas ba, ƙarfe goma ka zabga wa yaro mari don ya zubar da tawada. Wanda suka gani shi za su ɗauka. Ba a raina wahalar malami ba: aji ya cika, zafi, albashi ya makara, ga na gida suna jira. Shi ya sa dabarar ta fi yi wa malam amfani kafin yara. In ka ji ranka ya fara ɓaci, faɗa a fili: "Yanzu raina ya ɓaci da wannan hayaniya. Zan ja numfashi sau uku kafin in yi magana." Karo na farko za su yi dariya, daga baya su saba. Ajiye bulala kuma ba ajiye hukunci ba ne. Wanda ya yaga littafin wani ya liƙe shi, wanda ya watsa shara ya share, wanda ya ɓata lokacin darasi ya biya daga lokacin tara. Yabo ma ya faɗi aikin: "Na ga an ture ki ba ki rama ba, kin zo kin faɗa" ya fi "yarinyar kirki" koyarwa.

Iyaye su san abin da ake yi, in ba haka ba yaro zai yi kunkuru a gida a ce ya yi wa babba taurin kai. Minti biyar a taron iyaye da malamai sun isa a nuna musu. Kuma kada aike zuwa gida ya zama na laifi kaɗai; uban da aka taɓa aika masa cewa ɗansa ya raba faɗa yau, da sauƙi zai zo ranar da aka kira shi kan matsala.

Akwai inda wannan aiki ba ya kaiwa. Yaron da ya zo da yunwa, ko yarinyar da ta yi talla tun asuba, yunwa da gajiya ne ke damunsu, numfashi ba ya maganinsu. Wanda ke firgita in ƙofa ta buga, wanda ya daina magana kwatsam, wanda ake ganin tabo a jikinsa, ko ya koma fitsari a wando bayan ya girma, a kai maganarsa ga hedimasta cikin sirri, a nemi iyaye ko ma'aikacin lafiya. Domin ka gane irin waɗannan da wuri, ware shafi a bayan rajista. Kowace Juma'a ka rubuta faɗa nawa aka raba a satin, ƙungiya nawa suka ci wasa, da sunayen waɗanda suka nuna yatsa uku fiye da sau biyu. In suna ɗaya ya fito sati uku a jere, ranar Litinin da shi za ka fara.